Jijiyar Muryar Hasiya

A ƙauyukan da ke kewaye da Cadawa, bikin da Hasiya ba ta rangaɗa wa guɗa ba ana yi masa kallon bikin da aka yi a ɓoye. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da wani jiki na a zo a gani, amma in ta kama hanci da yatsu biyu ta ɗaga kai sama, har masu noma a bayan gari sai sun dakata sun ce, "To, an kai amarya." Shekara talatin da wani abu tana wannan. Ban da guɗar ma bakinta ba ya hutawa. Ta yi faɗa da awaki, ta yi faɗa da mai injin niƙa, ta tsaya daga ƙofar gidanta ta gaisa da wadda ke bakin rijiya ba tare da ta taka ko'ina ba. Kowa a yankin ya san wannan murya, in ka cire mutum ɗaya, Muntari, ɗan da ta fara haifa.

Danginsu asalinsu makiyaya ne daga arewa. Shanun sun ƙare tun zamanin kakanni, yaren ma ya bi su, amma kunyar ɗan fari ta zauna daram kamar jiya aka zo da ita. Ana yaye Muntari aka kai shi Gangara wurin kakarsa. Can ya tashi cikin ƙannen uwarsa, yana kiranta Yaya kamar yadda ya ji suna kiranta. Ita kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan" take cewa, kuma ko wani Muntarin ta gani a kasuwa, sai ta ce "mai sunan wancan." In ya zo gaishe ta da salla, tana jin ƙarar babur ɗinsa za ta faɗa ɗaki ta ja mayafi, ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi ta gaisuwa, ita tana amsawa da "mm" can ƙasan maƙoshi. Ranar aurensa gidan maƙwabta ta tsere ta kulle kanta, wata mata ta yi guɗar, guɗar da har yau Hasiya in ta tuna sai ta ja tsaki. Ba ƙi ba ne. Tana son yaron nan har cikin ƙashinta, kuma an yabe ta a kan kunyar, ita ma tana alfahari da ita.

Ƙullutun da ke wuyanta ya daɗe. Maƙoƙo ba baƙon abu ba ne a wajen, ta rufe shi da mayafi ta ci gaba da harkarta. Sai a daminar bara ya yi tauri kamar dutse, tuwo ya fara tsaya mata a hanya. Ƙanwarta Tata, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ita ta buga wa Muntari waya a Gazawa inda yake koyarwa a lakol, wato makarantar boko. Bai yi wata-wata ba ya zo ya kwashe su zuwa Maraɗi. Aka soka allura a wuyan aka zuƙi abin da aka zuƙa, aka aika Yamai, bayan mako uku amsa ta dawo cewa ciwon daji ne, kuma sai an yi aiki.

Likitan da ke irin wannan aiki daga Yamai yake zuwa, sau ɗaya a wata uku, ya yi kwana huɗu ya koma. Dogo ne mai furfura a gemu, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Ranar da za su gan shi layi ya kai har waje, mai tsaron ƙofa ya ce mara lafiya da mutum ɗaya kawai za su shiga. Wa za a zaɓa in ba mai jin Faransanci ba? Tata ta tsaya a waje da buhun kayansu, Muntari ya shiga.

Ɗakin ƙarami ne ƙwarai. Tunda Hasiya ta yaye shi ba su taɓa zama kusa da juna haka ba, har tana jin ƙamshin sabulun rigarsa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa ƙafar tebur ido. Likita ya taɓa wuyan, ya duba hotuna, ya yi tambaya.

"Yaya," in ji Muntari, shi ma kansa a sunkuye, "lokotoro ya ce ki hwaɗi sunanki da na garinku."

Ta motsa leɓe. Abin da ya fito ko ita kanta ba ta ji shi sosai ba.

"Ya ce ki ɗaga murya."

Ta sake gwadawa, ya fi na farko muni. Likita ya ɗauko wani ɗan madubi mai dogon hannu, ya nuna mata ta buɗe baki ta zaro harshe ta ce "eee," don ya hango cikin maƙogwaron. Akwai na'urar da ake leƙawa da ita ta hanci, amma ta lalace an tafi da ita gyara. Mace mai jikoki ta zaro harshe ta yi kukan akuya a gaban ɗan farinta! Ta buɗe bakin kaɗan, madubin na taɓa ta ta hau kakarin amai, ta ture hannun likita ta rufe fuska gaba ɗaya. Ya gwada sau uku ya haƙura.

Sai ya juya ga Muntari ya yi masa wata tambaya. Hasiya ba ta jin Faransanci, amma ta ji shirun da ya biyo baya, shiru mai tsawo. Ta ƙasan mayafi ta ga yatsun Muntari suna murza hular da ke kan gwiwarsa. Daga baya ya ba da amsa gajeriya. Likita ya girgiza kai ya yi rubutu, ya yi dogon bayani, ya turo takarda, Muntari ya sa hannu. Aka ce jibi da safe za a yi aikin.

Aka ba ta gado a ɗakin mata. Da yake Muntari ya tafi masaukinsa, Hasiya ta dawo Hasiyarta. Washegari da azahar tana zazzaga wa Tata masifa a kan ta bar kwanon fura a buɗe ƙudaje sun samu wurin biki, sai wata malamar asibiti da ke wucewa da tire ta ja ta tsaya. Habsatu sunanta, wata kakkaura mai saurin magana, 'yar garin Agye. Ta dubi Hasiya, ta dubi lambar gadon, ta ajiye tiren ta zaro takardun da ke rataye.

"Baba, ke ce Hasiya ta Cadawa? Mai aikin wuya gobe?"

"Ni ce, ɗiyata. Lahiya?"

"Ƙara magana in ji."

"In ce mi? Ga ni ina magana."

Habsatu ta zauna a bakin gadon, abin da malaman asibiti ba su cika yi ba. Ta ce, "Nan an rubuta muryarki ta mutu wata shida ke nan, ba ki iya magana sai raɗa."

Tata ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Wagga? Muryarta ta mutu? Je ki tambayi awakin Cadawa!"

Habsatu ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a wuyanta ta yi musu bayani a hankali. Ta ce bayan abin da za a cire akwai jijiyoyi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sirara kamar zaren ɗinki, su ke motsa murya. Hoton ya nuna ciwon ya naɗe ta hagu. In jijiyar na da rai, likita zai zauna ya yi ta ɓanɓare ciwon daga jikinta kaɗan-kaɗan, ko da zai ƙara awa biyu a kan aikin, don ya bar mata ita. In kuwa ciwon ya riga ya kashe ta, ba amfanin barinta, zai yanke ta tare da ciwon don kada a bar saura. To, an gaya masa muryar ta mutu, shi ma da kunnensa raɗa ya ji, kuma bai samu ya leƙa ba. Don haka ya rubuta yankewa.

"In an yanke hwa?" in ji Tata. Dariyar ta tafi.

"Za ta yi magana, amma a dishe, can ƙasa, tana yi tana gajiya. Wani lokaci ruwa ya riƙa sarƙe ta. Kira daga nesa kam babu shi."

"Guɗa hwa?"

Habsatu ta girgiza kai kawai.

Hasiya ta dubi Habsatu. Ta ce, "Wa ya ce mishi ta mutu?"

Habsatu ta duba takardar, ko da yake ta riga ta sani. "Ɗanki, Baba. An tambaye shi ko haka muryarki take ko ta canza, ya ce ta canza."

Tata ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Muntari? Bari ya zo! Yaron da na goya? Shi da karatunshi ya zauna ya yanka ƙarya a kan wuyan uwarshi?"

"Zauna," in ji Hasiya.

Ita ta riga ta gane. Ta tuna shirun nan da yatsun da ke murza hula. An tambayi mutum mai shekara talatin da shida, malamin lakol guda mai koyar da 'ya'yan mutane, yadda muryar uwarsa take, kuma bai sani ba. Zai dubi baƙo ya ce ban sani ba? Ya dubi ƙullutun, ya ji raɗar, ya faɗi abin da ya fi kama da gaskiya. Tausayinsa ya kama ta har ya fi tsoron wuƙar, kuma ta ji haushin kanta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"Tata, in kin hwaɗa mishi, ban yahe miki ba."

"Yaya, muryarki ce hwa za a yanke!"

"Na ji. In ya san abin da bakinshi ya jawo, da wane ido zai ƙara zuwa gaishe ni? Ki yi shiru."

Habsatu ta ce likita ya riga ya tashi, kuma ba ya ɗaga waya in ya bar asibiti, amma da safe za ta tare shi a ƙofar ɗakin aiki. "Sai dai ki sani, Baba, ba maganata zai kama ba. Mutane da yawa in tsoro ya kama su suna canza zance a bakin ƙohwa. Sai ya ji da kunnenshi."

Da la'asar Muntari ya zo da lemo da ruwan gora. Hasiya ta juya wa bango fuska ta ja mayafi, kamar kullum. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Yaya, ya jiki? Allah shi sa a yi a sa'a." Maganar tana nan cike da bakinta. Abu kaɗan ne, ta juyo ta ce masa lafiya lau da muryarta ta gaske, shi da kansa zai ruga ya nemi likita. Amma in ta yi haka ta nuna masa ƙaryarsa a gaban matan ɗakin duka, in kuma ba ta yi ba gobe a yanke. Ta ji kamar an ɗaure ta a turke. "Mm," ta ce. Tata ta tashi fuu ta fita waje don kada bakinta ya kubce.

Da safe aka hana ta ko da kurɓin ruwa. Aka tuɓe mata zane da mayafi, aka sa mata wata riga shuɗiya marar nauyi mai buɗaɗɗen baya, da hular leda a kai. Aka ɗora ta a gado mai taya, aka sa mata ƙarin ruwa a hannu. Tata aka ce ta zauna da kaya a ɗakin mata. Habsatu ta turo gadon ta doguwar baranda har ƙofar ɗakin aiki, inda wasu mutum huɗu ke jiran layi a bayanta.

Daga nan ana hango tsakar asibitin. Can ƙarƙashin wata bishiyar bedi, tafiyar taku arba'in ko fiye, masu jinya sun baza tabarmi, mata da yawa, wasu na dama kunu, wata na sayar da ƙosai. A kan benci a gefensu Muntari na zaune, ya ba barandar baya, yana jan carbi.

Likita ya fito da koren kaya, hannayensa a ɗage. Habsatu ta tare shi da Faransanci, tana yi tana nuna Hasiya. Ya saurara, fuskarsa ba ta nuna ya gamsu ba. Ya matso ya ce wani abu.

"Ya ce ki yi magana, Baba. Da ƙarhi."

Hasiya ta buɗe baki. Maƙoshinta ya bushe ƙamas don ƙishi, ga tsoro, ga ta kwance rabin tsirara a gaban namiji baƙo ba ko ɗankwali. "Ina kwana," ta ce, muryar ta fito a shaƙe tana rawa. Likita ya dubi Habsatu, irin kallon nan na ai ga shi kin ji.

"Baba, don Allah! Yi guɗa!"

Ta kai yatsu hanci. Babu abin da ya zo. Guɗa ba a bakin mutum take ba, daga ciki take tasowa in an yi farin ciki, kuma a cikin Hasiya a wannan safiya babu ko ɗigonsa. Ga marasa lafiya kwance a bayanta, wani tsoho na nishi. Ta sauke hannun, hawaye suka gangaro mata cikin kunne.

Likita ya dubi agogon bango ya yi magana da sauri. Habsatu ta mayar masa, ya sake yi, yana nuna tsakar gida da haɓa. Hasiya ta ga fuskar Habsatu ta canza.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ɗanki ne ya ba da labarin, shi ya sa hannu, in za a canza sai ya zo. Na ce bari in kira shi." Ta nuna tsakar gidan. "Ya ce a'a. In muryar na nan, ke ki kira shi daga nan. In ya ji ki, shi ma ya ji."

"Kin hwaɗa mishi ɗan hwari ne?"

"Na hwaɗa. Bai gane ba, Baba. Ya ce uwa ce da ɗanta, mi ya hi wannan sauƙi? Ya ce mutum huɗu na jira, ko a shiga yanzu yadda aka rubuta, ko a bari sai ya dawo bayan wata uku. Kuma ciwon ba ya jira."

Likitan ba mugu ba ne. A ganinsa ya ba ta hanya mafi sauƙi a duniya. Ya tsaya da hannayensa a sama yana jira.

Hasiya ta dubi bayan Muntari. Ta ga yadda kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka, kamar ta mahaifinta, abin da ba ta taɓa samun damar lura da shi ba don ba ta taɓa kallonsa ta daɗe haka ba. Ta tuna uwarta, da kakarta, da duk matan da suka mutu ba su kama sunan ɗan fari ba. Ta ji kamar suna tsaye a barandar. Sunan kansa ba ta san yadda zai zauna a harshenta ba, ko a ɗaki ita kaɗai ba ta taɓa gwada shi ba. Ta roƙi Allah a zuci ya kawo wata hanya, ya sa yaron ya juyo da kansa. Bai juyo ba.

Ta dafa ƙarfen gadon ta tashi zaune. Ta ja numfashi har ƙasan ciki.

"Muntari!"

Muryar ta ratsa barandar ta cika tsakar asibitin. Tsohon da ke nishi ya yi shiru. Mai ƙosai ta tsaya da matsami a hannu, matan da ke kan tabarmi suka ɗago kai gaba ɗaya, wani mai shara ya saki tsintsiya. Likita ya ɗan ja da baya, girarsa ta tashi sama.

Muntari ya zabura ya miƙe. Ya duba dama, ya duba hagu. Idonsa ya biyo barandar, ya wuce ta kan 'yar matar da ke zaune a gado da shuɗiyar riga da hular leda, bai tsaya ba, ya zarce zuwa ƙofar ɗakin magani.

"Muntari!" ta sake yi, har da ɗaga hannun da ke da ƙarin ruwa.

Ya juya wajen ginin da ke fuskantarsu, inda amon ya bugo ya dawo.

Likita ya riga ya fara magana, wannan karon a hankali. Habsatu, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Ya ji, Baba. Ya ce wannan ba muryar matacciyar jijiya ba ce. Zai ƙara dubawa da madubi a ciki, kuma zai bi ta a hankali ya bar miki ita in Allah ya yarda. Bai yi alkawari ba, amma zai yi iyakar yinshi. Ni zan kai wa ɗanki takardar daga baya. Kwanta."

Hasiya ta kwanta, amma ta karkata kai don kada tsakar gidan ta ɓace mata. Aka buɗe ƙofa, gadon ya fara tafiya. Ta hango Muntari ya taka zuwa wurin tabarmin, ya rage tsawo a gaban wata tsohuwa da bai taɓa gani ba, da ladabinsa na malamin lakol.

"Baba," ta jiyo ya ce, don wurin ya yi tsit, "ke ce kika kira ni?"